REPLACEB na cinye lambar kaya a fayil ɗin da aka turo daga Chaina, ina matsalar take?

Tambayar wani ɗan'uwa ce da ke riƙe wa maigidansa lissafi a shago a kasuwar Alaba da ke Legas, bari in taƙaita ta. Suna sayo kayan wuta daga Guangzhou, mai sayar musu ya turo jerin kayan kwantena a Excel, kowace lambar kaya an manne mata sunan kala da rubutun Chaina a gaba, kamar 黑色A205, a gefe kuma ga fomula =REPLACEB(B2,1,4,"") wadda aikinta ta cire kalar ta bar A205 kawai. Ya ce da ya buɗe fayil ɗin komai daidai yake, amma yana danna Enable Editing sai layin gaba ɗaya ya rikice, A205 ta koma 05, sauran ma haka. Yana tambaya ko Excel ɗinsa ne ba orijina ba, kuma wai meye ma bambancin REPLACE da REPLACEB.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, lafiyar laftof ɗinka ƙalau, kar ka kai ta kasuwar kwamfuta ta Computer Village a caje ka kuɗin banza a sake maka Office, ko sabuwa dal ka siyo a kwali abin da za ta yi maka kenan. Shi ma ɗan Chainan bai yi kuskure ba, a kwamfutarsa fomular na aiki daidai. Abin da ya faru shi ne REPLACEB tana ƙirga ne gwargwadon yaren da aka saita Excel ɗin a kai, kai kuma naka Turanci ne nasa Chanisanci.

Bari mu fara da yadda aka gina su don su biyun abu huɗu suke karɓa. Na farko rubutun da za a taɓa, na biyu daga ina za a fara yanka, na uku nawa za a yanke, na huɗu me za a saka a gurbin. A REPLACE ana ƙirga harafi ne, wato abin da idonka ke gani, ko A ne ko 5 ko 黑 duk ɗaya-ɗaya ne. A REPLACEB kuma ana ƙirga bayit, harafin B ɗin da ke ƙarshe ma'anarsa kenan. Kuma ba ita kaɗai ba ce, gidansu guda da LENB, LEFTB, RIGHTB, MIDB, FINDB da SEARCHB, duk halinsu ɗaya.

To meye bayit? Bayit ɗaya bit 8 ne, kuma iyakar abin da zai iya bambantawa 256. Turanci bai sha wahala ba, tsarin ASCII da aka fitar a 1963 alamomi 128 ne kacal kuma sun ishe su, harafi ɗaya bayit ɗaya shikenan. Amma ka duba mutanen Chaina, tsarin GB2312 da suka fitar a 1980 haruffansu 6,763 ne a ciki, ta ina 256 za ta ɗauke wannan? Dole aka ba kowane harafi bayit 2. Japan suka yi nasu Shift JIS, Taiwan da Hong Kong suna amfani da Big5, Koriya ma da nasu, irin waɗannan tsare-tsaren ake kira DBCS, inda harafin Turanci da lamba ke cin bayit 1 harafin gida kuma 2. Wani abu da ya sa suka damu da ƙirgan nan sosai, a tsofaffin allo da firintar rasit harafinsu faɗin gida biyu yake ci na Turanci gida ɗaya, sai ya zama in ka ƙirga bayit ka san faɗin da rubutun zai ci a takarda, in fom ya ce gida 20 to bayit 20 ne. Don biyan wannan buƙatar tasu aka yi waɗannan fomulolin masu B, ba a yi su don Hausa ko Turanci ko Yarbanci ba.

Yanzu ga ƙa'idar da Microsoft suka rubuta da kansu: REPLACEB tana ƙirga harafi mai bayit biyu a matsayin 2 ne kawai idan an kunna yaren DBCS a Office ɗin kuma an mai da shi babban yare, yarukan su ne Japananci, Chanisanci iri biyu da Koriyanci. In ba haka ba kowane harafi 1 take ƙirga shi, ta zama REPLACE sak. Sai mu lissafa naka. A wajen ɗan Chaina 黑 bayit 2, 色 bayit 2, ya ce a yanke 4, kalar ta tafi A205 ta tsaya. A wajenka 黑 ɗaya, 色 biyu, A uku, 2 huɗu, an yanke huɗu saura 05. Ka ga babu wani aljani a ciki. Kamar ka aika yaro kasuwar Mile 12 ka ce ya auno maka huɗu, kai kwanon Kano kake nufi mai shinkafa kuma derika, ɗan gwangwanin awonsu, ta sani, huɗun dai huɗu ce amma abin da zai dawo da shi daban.

Dalilin da ya sa ka fara ganin amsa daidai kuwa, fayil ɗin Excel yana ajiye amsar ƙarshe da aka lissafa tare da fomular, lokacin da yake Protected View wannan ajiyayyar amsar ta can Guangzhou kake gani, da ka danna Enable Editing kwamfutarka ta sake lissafi da nata ma'aunin. In kana son ka gani da idonka rubuta =LENB("黑色") a kowane gida na Excel, wato cell, in ta ba ka 4 manhajar na ƙirga biyu-biyu, in ta ba ka 2 to B ɗin nan ado ne kawai a wajenka. Ni wannan gwajin nake fara yi duk sanda aka kawo min fayil mai irin fomulolin nan, tun kafin in taɓa komai.

Abin da ya fi damuna a lamarin nan shi ne ba ta nuna kuskure. Da #VALUE! ta fito da kowa ya gani ya tsaya, amma ita amsa take bayarwa mai kama da gaskiya, A205 da B205 da C305 duk sun koma 05, in akwai VLOOKUP ko SUMIF, fomulolin nemo kaya da tara jimla, da ke jingine da wannan layin sai ya haɗe kaya uku daban-daban a matsayin abu ɗaya, katan ɗin soket ya shiga lissafin kwan fitila, kuma ba za a gane ba sai ranar da aka sauke kaya daga tashar jirgin ruwa ta Apapa ana ƙirga a sito lissafi ya ƙi haɗuwa, a fara kallon yaran shago da ido. Don Allah in ka riga ka yi seb a kan wanda ya lalace ka koma WhatsApp ko imel ka sake sauke na asali.

Gyara kuma ya danganta da yadda kayan suke. In duk kalolin harafi biyu ne, kamar 黑色 baƙi, 白色 fari, 红色 ja, to =REPLACE(B2,1,2,"") ta gama magana, kuma za ta ba da amsa ɗaya a Legas da Guangzhou da ko'ina. Amma ka bi layin da ido tukuna, don akwai kaloli masu harafi uku kamar 深蓝色 shuɗi mai duhu, a nan ko fomular ɗan Chainan ma za ta bar 色 a manne da lambar. Shi ya sa ni ban cika son yanka da ƙayyadadden adadi ba in dai ba na tabbata kowane layi tsawonsa ɗaya ba ne. Gara ka sa Excel ya nemo inda lambar ta fara da kansa. In kana da Microsoft 365 ko kana aiki a Google Sheets:

=REGEXREPLACE(B2,"^[^A-Za-z0-9]+","")

Ma'anarta, daga farkon rubutun duk abin da ba harafin Turanci ko lamba ba a share shi har sai an iso na farko. In Excel ɗinka bai san REGEXREPLACE ba amma ya san LET da SEQUENCE, wato 2021 zuwa sama, ga wata:

=LET(c,UNICODE(MID(B2,SEQUENCE(LEN(B2)),1)),REPLACE(B2,1,MATCH(TRUE,c<128,0)-1,""))

Ita wannan tana warware rubutun harafi-harafi, ta duba lambar kowanne, ta tsaya a na farkon da lambarsa ke ƙasa da 128, ta yanke duk abin da ya gabace shi. In kuma tsohon Office ne irin 2010 ko 2013 da ya cika shaguna, ka yi SUBSTITUTE a jere, =SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(B2,"黑色",""),"白色","") kana ƙarawa kala bayan kala, ko ma Ctrl+H ka share su ɗaya bayan ɗaya tunda kalolin da wuya su wuce goma. Ba sai ka iya rubuta Chanisanci ba, kwafo harafin daga cikin gidan ka manna.

Ka kuma duba sauran layukan fayil ɗin, don masu aikin ofis a can suna da wata dabara da suke yawan yi, LENB(B2)-LEN(B2), wadda ke gaya musu haruffan Chaina nawa ne a rubutu tunda kowanne ya ƙara ɗaya a ƙirgan bayit, sai su ɗora LEFT ko RIGHT a kai su raba suna da lamba. Dabara ce mai kyau a wajensu, a wajenka kuma sifili za ta riƙa bayarwa kullum. Danna Ctrl+F, a Look in ka zaɓi Formulas, ka nemi B( za ka tono duk inda suke ɓuya.

Wani zai ce to me zai hana in shiga File, Options, Language in mai da Chanisanci babban yare kawai? Zai yi aiki a laftof ɗinka, amma ban ba ka shawara ba, don ranar da ka tura wa maigida ko ajen ɗin da ke fitar muku da kaya fayil ɗin matsalar za ta dawo a tasu kwamfutar, ka ga ba a gyara komai ba an dai matsar da ita gaba. Su kansu Microsoft yanzu sun sa wa fomulolin B ɗin nan alamar an daina yayinsu, suna nan suna aiki saboda tsofaffin fayiloli amma ba a son a gina sabon aiki a kansu. Mafi sauƙi ma ka roƙi mai sayar muku ya yi Copy, Paste Special, Values a layin kafin ya turo, amsar ta daskare ba fomula a ciki, ko ya raba kala da lamba gida biyu tun daga can.

LibreOffice Calc nata halin daban ne, tana ƙirga haruffan Chaina da Japan biyu-biyu ba tare da ka canza yare ba, saboda haka fayil ɗinka zai iya fitowa daidai a can. A can ne ma za ka ga abin da ke faruwa in wuƙa ta faɗa tsakiyar harafi, =REPLACEB("中国";1;1;"?") tana ba da alamar tambaya, sai fili, sai 国, saboda an yanke rabin 中 kuma rabin harafi ba ya rubutuwa sai ta cike gurbin da fili. Irin wannan filin da ido ba ya gani shi ke sa VLOOKUP ya ce bai ga abin da kake kallo ƙuru-ƙuru ba. Google Sheets ma yana da REPLACEB da LENB, kuma yana ƙirga harafin Chaina 2. Fomula ɗaya, manhaja uku, ba lallai amsa ta zo ɗaya ba.

Tunda muna kan fayilolin Chaina, akwai wasu haruffa masu faɗi da ke shigowa, Ａ２０５ maimakon A205, a ido kusan ɗaya amma lambarsu daban, =UNICODE("A") 65 ce, ta mai faɗin kuma 65313. Haka akwai filinsu mai faɗi mai lamba 12288 wanda TRIM ba ta share shi, sai ka yi =SUBSTITUTE(B2,UNICHAR(12288),""). UNICODE da UNICHAR tun Excel 2013 suke, ka riƙe su da kyau don su ne madubin da ke nuna maka ainihin abin da ke cikin gida.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu mu Hausawa kai tsaye, don nan ne na ga mutane masu ilimi ma suna ruɗewa. Wani zai ji an ce REPLACEB da LENB na ƙirga bayit sai ya ɗauka za su gaya masa nauyin rubutunsa a fayil ko a intanet. Ba za su gaya maka ba. Bayit ɗin da suke nufi na tsohon tsarin DBCS ne, duniya kuma yanzu ta koma UTF-8, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ne kusan duk shafukan intanet ke kai. A UTF-8 harafin Turanci da lamba bayit 1 ne, haruffanmu masu ƙugiya ƙ ɗ ɓ ƴ kowanne bayit 2, haruffan Larabci da muke ajami da su 2, alamar naira ₦ bayit 3, harafin Chaina 3 ba 2 ba, emoji 4. Kalmar ƙarfe harafi 5 ce bayit 6, ƙwanƙwasa harafi 9 bayit 11, ₦5000 alama 5 bayit 7. Mu da ke Legas kuma kwastomominmu Yarbawa ne da Ibo, ẹ da ọ da ṣ da ị da ụ kowanne bayit 3 ne, in aka ɗora wa ọ alamar sauti a sama ta zama abu biyu a ƙirgan LEN duk da ido ɗaya yake gani, haka ma wasalin ajami daban ake ƙirga shi da baƙin da yake kai, to ko REPLACE ɗin ma in ba ka kula ba za ta iya raba harafi da alamarsa. Excel ɗinka na Turanci in ka tambaye shi =LENB("ƙarfe") 5 zai ce maka, alhali in ka fitar da shi CSV UTF-8, wato fayil na rubutu zalla, bayit 6 zai zauna.

Ina wannan ke cizo? Lokacin da za ka ɗora fayil a wata manhaja da ta ƙayyade tsawon gida da bayit, irin na biyan albashi ko na rijistar kaya, kai ka ƙirga harafi 30 daidai ita kuma ta ga 33 ta ƙi karɓa ko ta gutsure ƙarshen sunan mutum. In kana son ƙirgan gaskiya a Excel na Windows daga 2013 ko a Google Sheets, ENCODEURL ce hanya mafi sauƙi, tana mai da kusan duk bayit ɗin da ba harafin Turanci ko lamba ba zuwa % da alama biyu, ƙarfe ta zama %C6%99arfe. Sa =ENCODEURL(A2) a C2, sannan:

=LEN(C2)-2*(LEN(C2)-LEN(SUBSTITUTE(C2,"%","")))

Tsawon %C6%99arfe 10 ne, % biyu ne a ciki, ka cire 4 saura 6, daidai. In kuma ka fi son ta LET, =LET(c,UNICODE(MID(A2,SEQUENCE(LEN(A2)),1)),SUM(1+(c>127)+(c>2047))) ma tana yi, sai dai in akwai emoji a rubutun za ta iya ba ka kuskure don Excel gida biyu yake ajiye emoji a ciki, MID na iya tsinka shi biyu.

Waɗannan C6 da 99 ɗin su ne kuma sirrin shirmen da kake gani in ka buɗe CSV da danna sau biyu ka tarar ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ₦ ta koma â‚¦. Bayit ɗin lafiyarsu lau, Excel ne ya karanta su ɗaya-ɗaya da tsohon tsarin Windows-1252 maimakon ya haɗa su. Kar ka zauna kana bin su da REPLACE kana gyarawa layi-layi, rufe fayil ɗin ba tare da seb ba, ka shigo da shi ta Data, From Text/CSV, a File Origin ka zaɓi 65001 UTF-8, komai zai dawo. In za ka fitar kuma ka zaɓi CSV UTF-8 ba CSV zalla ba, in ba haka ba ƙugiyoyin za su koma alamar tambaya kuma wannan ba ta gyaruwa. Ni dai ban yarda a riƙa cire ƙugiya daga sunan mutane don a huta ba in dai manhajar na karɓa, sunan mutum ne, sai in wurin da za a ɗora ya ƙi fur.

Ga ayyukan yau da kullum na shago REPLACE zalla ta ishe ka. Lambar waya mai lamba 11 da kake son mai da ita ta ƙasa da ƙasa, =REPLACE(A2,1,1,"234") ta cire sifilin farko, amma ka tabbata gidan Text ne, in Excel ya riga ya haɗiye sifilin to lambar gaske za ka yanke, a nan ="234"&A2 kake buƙata. Lambar akawun mai lamba 10 da kake son ɓoyewa kafin ka tura jeri a guruf, =REPLACE(A2,1,6,"") ta bar huɗun ƙarshe, BVN da NIN kuwa masu 11 ni shawarata kar ma su shiga fayil ɗin da za a tura. In ka sa 0 a gurbin adadin yanka ba ta cire komai sai ta cusa, =REPLACE("A205",2,0,"-") ta ba ka A-205. Wurin farawa kuma daga 1 yake, in ka sa 0 #VALUE! za ka gani. Sannan duk abin da ta fitar rubutu ne ko da lamba ce a ido, in za ka yi jimla da shi sai ka nannaɗe da VALUE.

In kuna tura wa kwastomomi tes, wato SMS, na sanarwar isowar kaya daga jerin Excel ɗin nan, shi ma ƙirgansa daban ne kuma babu ruwan LENB da shi. Tes ɗaya alama 160 ne in duk haruffan na cikin jerin GSM ne, amma da zarar ƙ ɗaya ko ₦ ɗaya ta shiga sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, in ya wuce a raba shi 67-67, saƙo mai alama 150 da za a caje ku shafi ɗaya ya koma shafi uku, ka ninka da yawan kwastomomin maigida ka gani. A nan kam kafin ka tura ka yi =SUBSTITUTE(D2,"₦","N"), ka sa =LEN(D2) a gefe kana duba tsawon kowane saƙo.